Yadda za ki haɗa wa yaronki littafin zuwan ƙani da hannunki

Ranar da aka sallamo ni daga asibiti da jaririya, ɗan farina yana da shekara biyu da wata bakwai. Ya lallaɓo ya ɗaga gefen zanen, ya kalle ta, ya kalle ni, sai ya ce, "To yaushe mamarta za ta zo ta ɗauke ta?" Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya, har da masu tafawa. Ni ma na dara. Kafin a yi suna dariyar ta koma ciki, domin fitsarin kwancen da ya daina tun wata huɗu baya ya dawo, abinci sai an ba shi a baki, kuma duk lokacin da na ɗauki yarinyar zan ba ta nono sai ya zube tsakar ɗaki yana birgima.

Ba wai ban shirya shi ba. Na saya masa wani littafi na Turanci mai hotuna masu kyau a kan yaron da aka yi wa ƙani. Amma gidan da ke cikin littafin bene ne, jariri yana da ɗakinsa shi kaɗai da gadonsa mai shinge, ga kare yana kwance a falo. Babu kaka, babu masu barka, babu tukunyar ruwan zafi a tsakar gida, babu zanen goyo. Abin da ɗana ya tsinta a littafin kaf shi ne karen. Da ciki na uku ya zo, sai na zauna na haɗa wa yarinyar nata littafin da takarda huɗu da gam da hotunan waya. Abin da na koya a nan shi zan shimfiɗa miki, daga farko har ɗinki.

Abu ɗaya nake so ki riƙe kafin ki taɓa almakashi. Yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar bai damu da jariri ba kamar yadda muke zato. Damuwarsa kansa ce: a ina zan kwana, wa zai yi min wanka, ina Umma za ta tafi, za ta dawo kuwa, bayan nan da ake goya ni yanzu na wane ne? Littafin da ya amsa waɗannan tambayoyi ya yi aikinsa ko da zanensa karkatacce ne. Wanda ya cika shafuka da "ka so ƙaninka" kuwa wa'azi ya yi, kuma yaro ba ya jin wa'azi da cikinsa a ɗure.

Ki fara leƙa abin da ke akwai

Kafin ki wahalar da kanki, ki ɗan duba intanet. Akwai rumbunan littattafan yara na kyauta da ke da sashen Hausa: African Storybook na wata cibiyar ilimi da ke Afirka ta Kudu, StoryWeaver na mawallafan Pratham Books a Indiya, da kuma Bloom Library na ƙungiyar SIL. Yawancin littattafansu an sake su da lasisin da ya ba kowa damar saukewa, bugawa, har da fassarawa. Ki zaɓi Hausa a jerin harsuna, ki nemi kalmomi irin su jariri, ƙani, ƙanwa, yaya. Idan kin samu na wani harshe mai hotunan gida irin namu, kina iya sa masa Hausarki.

Ko wanne kika samu, na intanet ko na shago, ki karanta shi ke kaɗai tukuna, ki auna shi da ido irin na yaro. Idan labarin ya nuna jariri ya zo yau, gobe suna buga ƙwallo tare, ajiye shi, ƙarya ce da yaro zai gano cikin kwana ɗaya. Idan rabin littafin yaro ne yana tsanar jariri, yana shirin jefar da shi a bola, shi ma ki yi hattara, musamman kafin haihuwa, kada ki shuka masa abin da bai riga ya tsiro ba. Irin wannan ya fi amfani bayan kishin ya bayyana. Sannan ki duba Hausar. Wasu fassarorin za ki ji Turanci na motsi a ƙarƙashinsu, jimlar da ba wata uwa da za ta faɗa wa ɗanta. In haka ne ki ɗauki biro ki gyara a kan shafin, ba laifi ba ne.

Sai dai duk kyan littafin wani, bai san cewa Hajiya ce za ta zo daga Funtuwa ta zauna muku ba, bai san yaronki ba ya barci sai da ƙyallen nan mai ruwan toka ba. Don haka nake cewa ki yi naki.

Mataki na farko: ki tattara gaskiyar gidanku

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma babu zane a cikinsa. Ki zauna da maigida, ku yanke abubuwan da za su faru da yaron, ki rubuta amsoshin a takarda. Ranar da naƙuda ta tashi, wa zai riƙe shi? In da dare ne fa, a gida za a bar shi da wani, ko za a kai shi maƙwabta? A ɗakinki za ki yi jego ko gida za ki tafi wanka? In za ki tafi, da shi za a tafi ko wajen babansa zai zauna na kwana arba'in? Wa za ta zo zaman jego, kuma me yake kiranta? A ina zai riƙa kwana, tunda yanzu a bayanki yake kwana? Wa zai kai shi makaranta ko islamiyya?

Za ki yi mamakin yadda yawancinmu ba mu taɓa yanke waɗannan ba sai ranar ta zo, a yi ta kame-kame, a miƙa yaro ga duk wanda ke kusa. Rubuta littafin ne ya tilasta mana zama mu yi magana, ni da maigidana, har muka gano kowa da abin da yake zato: shi yana ganin yarinyar za ta koma ɗakin kakarta, ni kuma ina ganin katifa za a shimfiɗa mata a gefen gadona.

Duk wani babban sauyi da ya shafi yaron, irin su yaye, sauya wurin kwana, koyon zama a fo ko sa shi makaranta, a yi shi da tazara kafin haihuwa, ko a bari sai ƙura ta lafa. In aka yaye shi yau, jibi ya ga wani a kan nonon, ba sai an faɗa masa wanda ya ƙwace ba. Alƙur'ani a suratul Baƙara, aya ta 233, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Amma kwanika tana faruwa, kuma ba wannan ne wurin zargin kowa ba. Idan yaronki bai kai shekara biyu ba, littafin zai yi gajere ƙwarai, shafi shida ko takwas, kusan duk hotuna.

Idan likita ya riga ya ce aiki za a yi miki, wannan ma ya shiga lissafi, domin za ki yi 'yan kwanaki a asibiti, kuma in kin dawo ba za ki iya ɗaga shi ba na wani lokaci. Gara ya ji daga littafi cewa "Cikin Umma yana ciwo, Nana za ta zauna a gefenta, ba a kan cikinta ba," da ya ji daga tsawar masu jinya.

Yaushe za a fara?

Mu dai ba mu saba maganar ciki ba. Akwai kunya, akwai tsoron baki, ga kuma yaro da ba ya riƙe sirri, yau ki faɗa masa gobe unguwa ta ji. Wannan ɗabi'ar ta yi daidai da buƙatar yaron, domin shi wata tara a wurinsa daidai yake da shekara ɗari. Wata biyu ko uku na ƙarshe sun isa, lokacin da cikin ya fito, yana iya ɗora hannu ya ji motsi. Kada ki ce masa "wata biyu ya rage". Ki ɗaura lokacin a jikin abin da ya sani: bayan Babbar Sallah, in ruwan sama ya sauka, in mangwaro ya nuna, in an yi hutun makaranta.

Tsara shafuka

Littattafan hotuna na mawallafa galibi shafi 32 ne, saboda yadda ake ninke babbar takarda gida takwas ko goma sha shida a maɗaba'a. Ke ba ki buƙatar haka. Takardar A4 guda huɗu, a ninke su biyu, sun ba ki shafi 16, kuma wannan ya wadatar da ɗan shekara uku. Jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi, hoto ɗaya.

Ki fara da shi, ba da jariri ba. Shafuka uku na farko tarihinsa ne: ga shi ranar da aka haife shi, ga shi a goye, ga shi yau yana cin abinci da hannunsa. Yara suna mutuwar son labarin jarintarsu, kuma nan ne yake gane cewa duk abin da za a yi wa sabon, shi aka fara yi wa. A littafinmu na rubuta: "Da can Nana jaririya ce. Umma ta goya ta, ta ba ta nono. Aka yanka mata rago." Wannan maganar ragon ta fi komai burge ta. Sai da ta tambaye ni launinsa.

Shafi na huɗu da na biyar, ciki da shiri: "Akwai jariri a cikin Umma. Yana girma a hankali." Ki rubuta "jariri" kawai ko da an yi sikanin an faɗa miki mace ce ko namiji. Na'ura tana kuskure, kuma yaron da aka yi wa alkawarin ƙanwa aka kawo masa ƙani zai ce a mayar.

Shafi na shida zuwa na takwas su ne zuciyar littafin, ranar tafiya asibiti. Nan za ki zuba amsoshin da kuka yanke. "Wata rana Umma za ta tafi asibiti. Nana za ta zauna da Hajiya. Hajiya za ta yi mata wanka, ta dama mata kunu. Nana za ta kwana a ɗakin Hajiya da bargonta." Sai shafi guda da babu komai a kai sai hotonki da kalma uku: "Umma za ta dawo." Ki ƙara "in sha Allah", haka muke magana, haka kuma gaskiya take.

Daga na tara zuwa na goma sha biyu, halin jariri. Ki faɗi gaskiya tsagwaronta. Jariri sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17 a yini da dare, yana shan nono sau 8 zuwa 12, sauran lokacin kuka ne da kashi. Ba ya wasa, ba ya magana, ba ya ko murmushin gane mutum sai ya kai sati shida zuwa takwas. Zama sai wajen wata shida, tafiya sai wajen shekara. A harshen yaro: "Jariri ba shi da haƙori. Ba ya cin tuwo, ba ya cin biskit, ba ya shan ruwa. Nono kawai yake sha." Wannan shafin kariya ne, domin yara da yawa don ƙauna suke tura wa jariri ƙuli-ƙuli ko gyaɗa a baki, kuma ma'aikatan lafiya suna cewa nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a bayarwa. Ki sa shafin abin da zai iya yi: ya miƙo zani, ya shafa ƙafar jariri a hankali, ya yi masa waƙa, ya kira ki in ya ji kuka. Ki nuna ƙafa, kada ki nuna kai, saboda maɗiga. In a gidanku ana dafa ruwan wankan jego a tsakar gida, ki ba tukunyar shafinta ita ma: "Ruwan wankan Umma da zafi. Nana ba ta zuwa kusa." A kwanakin nan hankalin kowa yana ɗaki, yaro kuma yana yawo tsakanin murhu da bokiti.

Na goma sha uku, shafin fushi, zan dawo kansa. Na goma sha huɗu, abin da bai canja ba. Biyun ƙarshe ki bar su fari fat, na ranar suna ne.

Shafin fushi

A kan wannan shafin muka yi musu da yayata. Ta ce don me zan rubuta wa yarinya cewa za ta ji haushin ƙaninta, ai koya mata nake. Na ce mata haushin zai zo ko na rubuta ko ban rubuta ba. 'Ya'yan Annabi Yaƙub ma sun ce Yusuf da ɗan'uwansa sun fi su soyuwa a wurin babansu, ga shi nan a suratu Yusuf, aya ta 8, kuma su manya ne a gidan annabta, balle 'yar shekara uku da aka sauke daga baya. Abin da yaro ba shi da shi shi ne sunan abin da ke cin sa. In ba shi da kalma sai ya yi amfani da haƙori.

Shafi ɗaya ya isa, kuma a rubuta shi a sanyaye: "Wata rana Nana tana son Umma ta ɗauke ta, amma Umma tana ba jariri nono. Ran Nana ya ɓaci. Ta ce, Umma, ni ma ina so." Sai abin da zai biyo baya, wanda dole ya zama abin da za ki iya cikawa: "Umma ta ce, zo ki zauna kusa da ni. In ya gama, ke ce." Kin ga an ba ta jimlar da za ta faɗa, an kuma nuna mata cewa faɗar ba ta jawo duka ba. Kada ki rubuta "Nana yarinyar kirki ce, ba ta fushi." Ranar da ta yi fushin za ta ɗauka ta fita daga sahun yaran kirki.

Haka shafin abin da bai canja ba, kada ki cika shi da manyan kalmomi. "Umma tana son Nana" daidai ne, amma yaro ya fi gane so in yana da siffa. Ki zaɓi abu biyu ko uku da kika tabbata za su ci gaba ko ana ha-maza-ha-mata: Abba zai tafi da ita masallaci ko shago bayan la'asar, Umma za ta yi mata tatsuniya kafin barci, kofinta ja nata ne. Abin da kika rubuta ya zama bashi a kanki, don haka kada ki rubuta abin da jego zai hana ki. Sannan ki rage yawan "ke babba ce yanzu". Mukan ɗora wa ɗan shekara biyu girman da bai nema ba, a kira shi yaya da safe, da rana a ce ya haƙura ai shi ne babba. Wata rana tana son zama yaya, wata rana tana son a goya ta. Ni na sa duka biyun a shafi ɗaya: "Nana yaya ce. Nana kuma 'yar Umma ce."

Harshe da hotuna

Ki rubuta yadda kike yi masa magana, da sunan da ake kiransa a gida. Idan ɗan fari ne kina alkunya ba kya faɗar sunansa, laƙabin da kike kiransa ya wadatar. In a gidanku Mama ake cewa ko Inna ko Momi, shi za ki sa. Ki ari dabarar tatsuniya, wato amshi. Jimla ɗaya da ke dawowa bayan kowane shafi biyu ko uku, wadda yaro zai haddace ya riƙa cafewa. Tamu ita ce "Nana tana nan, Umma tana nan." Har littafin ya tsufa ba ta gaji da faɗarta ba. Kina iya buɗewa da "Ga ta nan, ga ta nanku" ki rufe da "Ƙurunƙus", sai dai ni ban yi ba, don ina so ta san wannan ba labarin gizo ba ne, abin da zai faru ne.

Da hannu za ki rubuta, da maka baƙa, wato alƙalami mai kaurin baki, manyan haruffa a rarrabe, kuma ki sa ƙugiyoyin ɓ, ɗ, ƙ yadda suke. Wata rana da wannan littafin zai fara gane baƙaƙe. In a waya ko kwamfuta za ki buga, manhajar rubutu ta waya mai suna Gboard tana da madannan Hausa, kuma akwai salon rubutu mai suna Andika da SIL ta ƙera don masu koyon karatu, kyauta ne, yana ɗauke da haruffanmu masu ƙugiya. Wasu salon in an je bugawa sai ki ga ƙ ta koma akwati, don haka ki mayar da aikin PDF kafin ki kai shagon bugawa.

Hoto kuwa, na gaske ya fi zane a wurin ƙaramin yaro. Ki zagaya gida da waya: gadonsa, ɗakin Hajiya, Hajiyar kanta, ƙofar asibitin da kike zuwa awo in kin wuce, akwatin kayan jariri. Na jariri ki yi amfani da nasa na da, ko ki naɗe 'yar tsana a zani. A kai wajen masu wanke hoto ko shagon fotokwafi. Akwai gidajen da ba sa son hoton mai rai, to kayan ma suna ba da labari: ƙaramar riga kusa da babbar riga, takalmi uku a bakin ƙofa, zanen goyo a kan igiya. In yaron ya kai shekara huɗu ki ba shi fensir mai launi ya zana wasu shafukan. Duk abin da ya zana ki manna, ko da jaririn ya fito da ƙafa biyar.

Haɗawa

Ki jera takardun huɗu, ki ninke su tare, ki sa lamba da fensir a kusurwar kowane shafi kafin ki raba su, in ba haka ba, sai ki manna shafin asibiti a bayan na suna. Mai bugawa da firinta ta lura cewa lambobin shafuka biyu da ke fuska ɗaya ta takarda kullum in an haɗa su 17 suke bayarwa: 16 da 1, 2 da 15, 14 da 3, haka har tsakiya. Bango ki yanko daga kwali mai ɗan kauri, ki lulluɓe shi da ƙyallen atamfarki, wadda ya saba gani a jikinki.

Kada ki sa ƙarfen maƙala takarda, yana buɗewa ya soki yatsa ko ya tafi baki. Ɗinki ya fi. Ki huda rami uku a kan ninkin da basilla, ɗaya a tsakiya, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Ki shigar da zare mai ƙwari ta ramin tsakiya daga waje, ki bar jela. Ki fito ta na sama, ki tsallake na tsakiya ta waje ki shiga ta na ƙasa, sannan ki sake fitowa ta na tsakiya. Jela biyu yanzu suna waje, ki ɗaure su a kan dogon zaren, ki datse. Sai ki bi shafukan da faffaɗan salatif mai haske saboda yawu da miya.

In duk wannan ya yi miki yawa da tsohon ciki, ga hanya mai sauƙi: ƙaramin albam na hotuna mai aljihun leda. Hoto a dama, rubutu a kati a hagu. Amfaninsa shi ne in shiri ya canja, misali Hajiya ba ta samu zuwa ba aka turo Gwaggo, sai ki zare kati ki sa wani.

Karantawa

Ki zaɓi lokacin da cikinsa ke ƙoshe kuma barci bai kama shi ba, ki zaunar da shi a jikinki. Karon farko ki karanta kawai, kada ki yi ta tambayarsa "ka gane?" ko "za ka so jariri?" In ya rufe littafin a shafi na biyar ya tafi wasa, ƙyale shi. Zai dawo da shi da kansa, kuma zai sa ki maimaita har ki gaji. Ki lura da shafin da yake tsayawa da wanda yake tsallakewa. Tawa kullum sai ta yi saurin wuce shafin asibiti, sai na gane nan ne tsoron yake, muka riƙa zuwa ɗakin kakarta tana yin barcin rana a can tun kafin lokaci.

Maigida ma ya karanta, haka wadda za ta riƙe shi. In Hajiya ba ta karatun boko ba matsala, hotunan sun isa, kuma jikan zai karanta mata da ka. Ranar tafiya asibiti littafin ya bi yaron duk inda aka kai shi.

Bayan an sauka

Yanzu littafin zai gamu da abokan hamayyarsa, wato masu barka. Kin san maganganun: "An daina yayinka." "Umma ta samu sabo, kai sai bola." "Mu tafi da jaririn ko?" Kaka kuma ta ce ta yi sabon ango ta saki tsohon. Wasa ne, wasan jika da kaka ma gado ne, amma ɗan shekara uku ba ya rarrabe wasa da sanarwa. Ba za ki iya rufe bakin mata talatin ba, kina jego. Abin da za ki iya shi ne ki roƙi na kusa tun kafin ranar, in kuma an faɗa a gabanki ki amsa da dariya yadda zai ji: "A'a, wannan ai ba a daina yayinsa." Da dare ku buɗe shafi na goma sha huɗu. Ki kuma roƙi mutum biyu ko uku su fara gaishe shi kafin su nemi jariri, in da hali a riƙo masa ɗan alawa cikin kayan barka.

A gidan da ake da abokiyar zama, in ita ce ta haihu, littafin yana aiki da ɗan gyara: uwa ba ta tafiya ko'ina, amma hankalin uba da na gida ya karkata. Ki rubuta "ƙaninmu" kawai. Bambancin ɗaki ba daga littafinki zai fara jin sa ba.

Ranar suna ku cika shafuka biyun da aka bari. Hotonsa da sabon ɗinki kusa da jaririn, sunan da aka raɗa da manyan baƙaƙe, in ya yarda a shafa wa tafinsa lalle ko tawada ya dangwala a gefe. Daga nan ki riƙa karanta littafin a lokacin shayarwa, hannu ɗaya na riƙe da jariri, shi yana juya shafi. Lokacin da ya fi tsana sai ya zama nasa.

Kada ki zaci littafi zai hana komawa baya. Fitsarin kwance, maganar jarirai, neman nono, manne miki har banɗaki, duk suna iya zuwa, kuma galibi suna wucewa cikin makonni ko 'yan watanni in ba a mai da su abin faɗa ba. Ko ya haddace shafin "a hankali", kada a bar shi da jariri su biyu a ɗaki, ko na minti ɗaya. In kuwa ya daina cin abinci har yana ramewa, ko yana cutar da kansa ko jaririn da gangan a kai a kai, ko abin ya ƙi sauƙi bayan watanni, ku je asibiti a duba shi. Wani fitsarin ma ciwo ne ba kishi ba.

Akwai kuma abin da ba ma son ambata. Wani lokaci uwa tana dawowa hannu biyu babu jariri, ko a riƙe shi a asibiti. In haka ta faru, Allah ya kiyaye, kada littafin ya ɓace dare ɗaya kamar ba a taɓa yin sa ba, yaron zai neme shi. A faɗa masa gaskiya a gajarce, cewa jaririn ya rasu, ya koma wurin Allah, kuma ba laifin kowa ba ne. Kada a ce "ya yi barci" ko "ya yi tafiya", sai ya ji tsoron barci ko ya zauna jiran dawowa. Shafukan farko na tarihinsa da shafin "Umma za ta dawo" suna nan daram, a ci gaba da karanta su.

Namu littafin yana nan a ƙasan akwati, bangon ya yi baƙi, shafi na goma ya rabu biyu. Wanda aka yi shi saboda zuwansa ne ya yaga shi, da ya fara rarrafe. Yayar ta yi kuka sosai, ta ce wannan jaririn ba a rubuta zai yi haka ba, sai da na ɗauko maka muka ƙara a gefen shafin: "Jariri yana yaga littafi. A ajiye a sama."